FILIN GIDA DA LAMBU: Hosta, Gwaza da Inuwar Tsakar Gida

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya ba kowane tsiro mazauninsa da lokacinsa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.  

A ƴan kwanakin nan tambaya ɗaya ce ta fi yawan isowa wannan fili, kuma akasari daga iyaye mata take fitowa. Sun ga hotunan wata shuka mai suna hosta a wayoyin salula, mai ganye faffaɗa kamar faifai, wata kore shar, wata shuɗiya, wata mai ratsin fari, kuma an ce musu ba ta son rana, inuwa take so. Shi ne suke tambaya: tun da yake ƙarƙashin mangwaro da bayan ɗaki babu abin da ke fitowa sai ƙura, shin ba za a aika a sayo irinta a dasa ba? Wasu ma har sun fara maganar ɗora wa ɗa ko ƙane da ke Turai nauyin kawowa.

Amsar a taƙaice ita ce, hosta ba za ta rayu a Malanbil ba, kuma duk wanda ya kashe kuɗinsa a kanta ya yi wa rogo kallon kitse. Sai dai tunanin da ya haifi tambayar daidai yake. Inuwar tsakar gida wuri ne mai amfani, kuma Allah ya hore mana shuke-shuke masu manyan ganyaye da za su zauna a cikinta, har ma a ci daga gare su. Za mu bi maganar daki-daki, in Allah ya yarda.

Mece ce hosta?

Asalin hosta daga gabashin Asiya take, wato Japan da Koriya da Sin, inda take fitowa a bakin dazuzzuka da gefen ƙoramu da gindin duwatsu. A shekarar 1812 aka laƙaba mata wannan suna don girmama wani likita masanin tsirrai na ƙasar Ostiriya, Nicolaus Thomas Host. Wani likita Bajamushe kuma, Philipp Franz von Siebold, wanda ya yi aiki a Japan, shi ne ya kai ire-irenta da dama Turai wajen shekarar 1830. Daga nan ta bazu, har aka kafa mata ƙungiyar masoya a Amurka a 1968, kuma a yau ire-irenta da aka ba suna sun kai dubbai. Mutanen Japan kuwa har cin tohonta suke yi tun yana ɗanye sharaf, kamar yadda muke cin tafasa ko rama.

Manya daga cikinta su ne suka fi ɗaukar ido. Wadda ake kira Empress Wu takan kai tsawon mita ɗaya da ƴan kai, faɗinta kuma ya zarce mita ɗaya da rabi. Akwai Sum and Substance mai ganye kore fatsi-fatsi, akwai Blue Angel mai shuɗi. To amma abin da mai sayar da hoto ba ya faɗa shi ne, ko a ƙasarta sai ta shekara huɗu ko biyar a wuri guda kafin ta kai wannan girma. Haka nan kuma waɗannan ire-ire ba a samun su ta hanyar shuka ƙwayar iri, domin abin da ya fito daga ƙwaya ba ya ɗauko kamannin uwar. Raba gindi ake yi. Saboda haka duk wanda ya tallata muku ƙunshin iri da hoton ganye mai launi bakwai, ku riƙe kuɗinku.

Dalilin da ya hana ta zama da mu

Hosta shuka ce mai barci. Idan sanyi ya kama a ƙasarta, ganyenta duk yakan mutu, gindin ya kwanta a ƙarƙashin ƙasa, wani lokaci har ƙanƙara ta rufe shi. Wannan barci wajibi ne gare ta: tana bukatar kamar wata guda ko fiye cikin sanyin da bai wuce digiri 5 ko 6 ba, kafin ta farka da ƙarfi. In ba ta samu ba, sai ta yi ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara har ta ƙare. Mu kuwa nan bakin Kwara, ko a tsakiyar ɗari, lokacin da yara ke maƙalewa a bakin murhu da asuba, sanyinmu yana tsayawa ne sama da digiri 10.

Ta ɗaya ɓangaren kuma ga zafi. Idan ya kai wajen digiri 35 hosta takan daina girma, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu wuce digiri 40 ba labari ba ne a wurinmu. Shuɗin nan da ake sha'awa ma wani siririn kaki ne a kan ganye, wanda zafi ke narkar da shi ganyen ya koma kore. A wasu ƙasashe masu zafi akwai masu tone gindin su ajiye a firji tsawon makonni don su yaudare ta da sanyi, amma gidan da firjinsa ke ɗauke da ruwan sha da abincin iyali, ba shi da gurbin wannan wahala. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Duk da haka akwai ilimi a wurin masu renon hosta, kuma mumini ba ya ƙyamar ilimi don ya fito daga nesa. Sun gane cewa shukar inuwa ganyenta faɗi yake yi don ya tara ɗan hasken da ke ratsowa, kuma faɗin nan shi ke sa ruwa saurin fita daga jikinta. Don haka duk renonsu ya ginu ne a kan rana ta safe kaɗai, da ƙasa mai taki wadda ba ta bushewa, da lulluɓe gindi, da barin tazara, da haƙuri. Waɗannan ƙa'idoji su ne za mu ɗauka mu ɗora a kan namu.

Namu masu manyan ganyaye

Ta farko ita ce gwaza, wadda ake kira taro da Faransanci. Asalinta daga kudancin Asiya ne, amma ta daɗe ƙwarai a Afirka, har ta kai maƙwabciyarmu Nijeriya ce kan gaba a nomanta a duniya. Na biyu shi ne makani, wanda ake kira macabo, asalinsa daga yankin Amurka mai zafi. A Gana da Kamaru da kudancin Nijeriya ana noma shi a ƙarƙashin koko da ayaba, abin da ke nuna sabonsa da inuwa, kuma da ganyensa ne mutanen Gana ke yin miyar da suke kira kontomire. Mutane da yawa suna haɗa su biyun da suna ɗaya, amma bambanta su abu ne mai sauƙi. Ganyen gwaza sandarsa tana kama shi ne daga ciki kamar lema, yana kuma sunkuyar da kai ƙasa. Na makani kuwa a tsage yake har zuwa inda sandar ta kama, kamar bakin kibiya. Sanin wannan yana da amfani, domin gwaza tana jure ƙasa mai jiƙe sosai, makani kuwa in ruwa ya kwanta masa gindinsa ruɓewa yake yi.

Bayan waɗannan akwai danginsu na ado da masu sayar da furanni ke kawowa daga kudu, irin su alokasiya, wadda Turawa ke kira kunnen giwa, mai ganye a miƙe sama, da kaladiyom mai ja da fari da kore. Su ado ne kawai, ba a cin su, kuma za mu dawo kansu a ƙarshe da gargaɗi.

Wani abin lura shi ne, su ma namu suna da irin barcinsu, sai dai fari ne ke sa su, ba sanyi ba. Idan iskar hunturu ta kaɗa, ganye yakan ragu ya ƙanƙance, kaladiyom ma takan ɓace ɗungurungum. Mutum ya ga haka sai ya zaci ta mutu ya zubar da tukunyar, alhali gindin yana nan da ransa yana jiran damina.

Zaɓen inuwa

Ba kowace inuwa ce ke da amfani ba. Inuwar giginya, kamar yadda magabata suka faɗa, na nesa ka sha, kuma mu da muke zaune tsakanin giginyun Gaya da namu na wannan gaɓa ba ma bukatar a fassara mana. Inuwar tsohon mangwaro kuwa ta cika duhu a gindi. Abin da aka dasa a can sai ya yi ta miƙa wuya yana neman haske, ganye ya yi laushi, gindi bai yi komai ba. A nemi bakin inuwar, inda rassa suka ƙare. Dalbejiya inuwarta da daɗi, amma saiwoyinta sun mamaye ƙasa, duk ruwan da aka zuba ita za ta shanye. A ƙarƙashinta a tukunya ya kamata a dasa, a ɗora tukunyar a kan bulo ko duwatsu don kada saiwa ta bi ta huda ta shige. Inuwar da ta fi dacewa ita ce mai ratsin haske, irin ta zogale ko gwaiba ko ayaba.

In babu itace, gefen gabas na ɗaki ya wadatar, inda rana ke bugawa daga fitowarta zuwa hantsi, kafin azahar kuma inuwa ta rufe. A guji gefen yamma, domin ranar la'asar ta bazara ita ce mai ƙona ganye. A kuma kafa zana ta wajen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, saboda iska mai ƙura tana yayyaga faffaɗan ganye tana busar da shi fiye da yadda rana ke yi.

A nan akwai haƙƙin maƙwabtaka da bai kamata a manta ba. Shukar da ake ba ruwa kullum, in aka manna ta da katangar laka, damshi zai ci gindin ginin a hankali, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta sai a wayi gari da rushewa. In katangar ta haɗa ku da maƙwabci ce, an cutar da shi ke nan, kuma shari'a ta hana cuta da cutarwa. A bar aƙalla mita guda tsakanin shuka da gini.

Ƙasa da dashe

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, wajen watan Yuni, sa'ad da iska ta yi laima. Ba a bukatar aikawa ko'ina neman iri. Gwaza ko makanin da ya shigo kasuwa, a zaɓi ƙanana masu ƙarfi waɗanda ido ya fara tsirowa a kansu, marasa rauni ko ruɓa. Kan babban gindi da aka yanke da ɗan guntun sanda shi ma yana kamawa.

A haƙa rami mai faɗi da zurfin wajen santimita 40. A gauraya kashi biyu na ƙasa da kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai, na awaki ko na shanu. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Wanda gidansa ke kan jigawa mai rairayi sai ya ƙara ɗan baƙar ƙasar fadama don ta riƙe ruwa, wanda kuma ke wurin laka sai ya sassauta ta da yashi da ɓuntun shinkafa. A binne irin zurfin santimita 10, idon yana kallon sama. Tsakanin shuka da shuka a bar santimita 80 zuwa mita guda. Da farko wurin zai yi kamar fanko, zuciya ta ce a cike, amma bayan wata uku ganye zai haɗe da ganye. Cunkoso shi ne babban abin da ke hana ganye girma, a hosta ne ko a gwaza.

Mai dasawa a tukunya ya nemi babba: tsohuwar randa da ta tsage, ko rabin duro, ko babbar jarka da aka yanke. Ta ƙasa ta fi, domin ƙarfe yana ɗaukar zafi. Ko wace ce aka samu, a huda gindinta ruwa ya riƙa fita.

Daga nan sai lulluɓi. Alhamdu lillahi, garin da ke noman shinkafa ba ya rasa ɓuntu da karan shinkafa, ga ɓawon gyaɗa, ga busassun ganyen da ake sharewa kullum ana ƙonawa. A shimfiɗa kaurin yatsu huɗu a kewayen shuka, a bar ɗan fili kada ya taɓa sandar. Wannan yana sanyaya ƙasa, yana rage ban ruwa, in ya ruɓe kuma ya zama taki. Bayan wata biyu ko uku a tara ƙasa a gindi kamar yadda ake yi wa dankali, a ƙara taki tafi biyu da ɗan barbaɗin toka.

Maganar ruwa

Nan ne gizo ke saƙa. Inda gwaza ke jin daɗi ruwan sama yakan kai milimita 1,500 zuwa 2,000 a shekara, namu kuwa wajen 800 ne, shi ma cikin wata huɗu ko biyar. Ragowar dole daga hannunmu zai fito. Kogi yana kusa, gaskiya ne, amma duk uwargida ta san abin da jarka guda ke ci na kuɗi ko na ƙarfi a watan Afirilu. Saboda haka kada a fara da yawa. Gindi uku ko huɗu da aka kula da su sun fi ashirin da aka bari suka ƙone.

Akwai ruwan da muke zubarwa kullum ba mu lissafa shi, wato ruwan alwala. Gidan da ke da mutum goma masu salla, in kowa ya yi alwala da lita ɗaya sau biyar, lita 50 ke nan a yini, kuma da yawanmu muna wuce haka, ko da yake ya inganta cewa Manzon Allah (SAW) da mudu guda yake alwala, abin da bai kai lita ba. Ruwan alwala ba najasa ba ne. A ajiye kwano ko a gyara wurin alwalar yadda ruwan zai gangara zuwa gindin shuka. Haka nan ruwan wankin shinkafa da na kayan miya. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai omo ko sinadarin cire datti, da ruwan gishiri, da duk abin da ya fito daga makewayi.

A zuba ruwa a gindi, da sassafe, a bazara kuma a ƙara da yamma. Ma'aunin shi ne yatsa: a soka shi cikin ƙasa, in ya fito a bushe a ba da ruwa, in da damshi a dakata. In bakin ganye ya fara ƙonewa, ko rana ta yi yawa ko ruwa ya gaza. In ganyen ƙasa ya yi rawaya ɗaya bayan ɗaya, wannan tsufa ne, a yanke shi kawai.

Maɓarnata

Masu hosta kukansu dodon koɗi ne da barewa. Namu kuwa kaji ne masu tone lulluɓi, da awaki masu tattaka duk abin da suka samu, kuma maganinsu darni ne. Gara takan bi busasshen lulluɓi, sai a riƙa ɗaga shi ana dubawa. A yi wannan da sanda, domin wuri mai sanyi da duhu kwaɗi na son sa, kunama da maciji ma haka.

Akwai kuma wata cutar ganyen gwaza da ta ɓulla a Nijeriya a 2009, ta shiga Kamaru a 2010, ta yi wa manoma ɓarna mai yawa. Alamarta tabo ne mai ruwan ƙasa da ke faɗaɗa har ganye ya narke cikin kwanaki kaɗan. Laima take so, don haka a watan Agusta ne za a sa ido. Ganyen da ya kamu a yanke shi a ƙone, kada a zuba shi cikin taki. Makani ya fi gwaza tsira daga gare ta.

Sauro kuwa shi ne wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Ganye ba ya haifar da sauro, ruwan da ya kwanta shi ke yi, kuma mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi daga ƙwai zuwa tashi. Kada a bar faranti da ruwa a ƙarƙashin tukunya, kada a yi wa gwaza kududdufi a tsakar gida da sunan tana son ruwa. Ƙasa mai damshi ta ishe ta.

Gargaɗi ga iyaye

Duk dangin nan, na ci da na ado, suna ɗauke da wasu ƙananan tsinaye kamar allura a cikin ruwan jikinsu, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke sa ƙaiƙayin da kowa ya sani a gwaza. A gwaza da makani dafuwa sosai tana kawar da shi, don haka ba a cin gindi ko ganye sai ya nuna lugub. Na ado kuwa ba a gwada su a tukunya sam. Mafi haɗari a cikinsu ita ce difenbakiya, mai kara kamar rake da ganye mai ɗigon fari, wadda ake yawan ajiyewa a ƙofar ofis da falo. Yaron da ya tauna ta bakinsa da harshensa kan kumbura har magana ta gagara. In haka ta faru, a goge masa baki, a kuskure da ruwa, a ba shi ruwan sanyi ko madara ya kurɓa kaɗan-kaɗan, kada a tilasta masa amai. In kumburi ya yi yawa ko numfashi ya fara wuya, a garzaya asibiti nan take, a tafi da guntun ganyen. In a ido ne, a wanke da ruwa mai tsabta kamar minti 15. Shawarar wannan fili ita ce, gidan da ke da mai rarrafe ya haƙura da na ado tukuna.

Wanda ya kula da gwazarsa zai fara tsinkar ɗanyen ganye bayan wata uku, yana barin uku ko huɗu a jiki kullum. Gindin gwaza yakan ƙosa daga wata shida zuwa sama, na makani kuma wata tara zuwa shekara. Wanda burinsa girman ganye ne sai ya bar uwar a wurinta, ya riƙa cire ƴaƴan da ke fitowa a gefe yana rabawa maƙwabta, yadda masu hosta ke raba gindi a tsakaninsu. Littafin Risala da muke karantawa a zaure ya bayyana cewa kayan lambu babu zakka a cikinsu, amma ƙofar sadaka a buɗe take. Bukhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Anas ɗan Malik (RA) hadisin da ke nuna cewa duk abin da Musulmi ya dasa, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci, ana rubuta masa ladan sadaka.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake haɗa taki a rami daga sharar gida ba tare da wari ya dami maƙwabta ba. Masu tambaya su ci gaba da aikowa ta ofishin ƙungiya kamar yadda aka saba. Allah ya sa albarka a gidajenmu da zuriyarmu, ya ba mu damina mai amfani, ya tsare mu daga ambaliya da fari.